A-kori-kurar Baba a Kan Gadar Sama

Garinmu shimfiɗe yake kamar tabarma, shi ya sa a-kori-kurar mahaifina ta yi shekaru asirinta a rufe. Sai da aka gina gadar sama sannan aka samu wurin da mota za ta ji kunya a Maiduguri, tamu kuwa ta ji ta a bainar jama'a. Da ta kama hawa sai ta fara sheshsheƙa, ta ɗan yi gaba, ta tsaya tunani. Masu keke napep suna wuce mu suna leƙo kai, wani har da yi mana sannu.

Tun ina firamare Baba yake dakon wake da albasa da ita daga hanyar Baga zuwa cikin gari. Yanzu ba don abinci yake fita ba, mun girma. Amma ranar da bai fita ba, zai zauna a ƙofar gidanmu a Bulumkutu kamar wanda aka yi wa rasuwa. Yayyena sun daɗe suna neman dalilin sayar da motar, sai suka ce in ba ta gyaru ba a rabu da ita. Ni aka ɗora wa yawon gareji, don ni ne malamin makaranta, kuma a gidanmu an ɗauka malami ba ya da aikin yi.

Motar tsohuwa ce amma injekta ce, ba kafireta ba, abin da wasu makanikai ke ambata da sassauta murya kamar ana zancen aljanu. Na farko, wani Babarbare a Bolori, ya ce filogi ne. Aka canja. Na biyu ya sauke tanki ya wanke, ya sa sabon famfon mai. Na uku ya kwance nozul ya jiƙa su a fetur, ya hura da bakinsa, ya rantse ko sabuwa sai haka. Mai gyaran wayoyin mota ya ga wata fitila tana ci a gaban sitiyari, ya cire ƙwan, ya ce ai ita ke tayar wa mutane hankali. 'Yan majalisar Baba suka ɗora laifin a kan man 'yan bumburutu. Wani amininsa na Shehuri ya ce baki ne, ya aiko da rubutu muka zuba a lagireto.

Abu ɗaya na lura da shi ban gane ba. Kowane makanike zai karɓi makulli ya zaga da ita, mu ji rurinta har bayan layi. Zai dawo ya sauko a hankali, ya dubi Baba, ya dubi ƙasa, sannan ya ambaci sunan wani ƙarfe. Mu kuma mu kama hanyar gida, gada ta sake tona mu.

Wata ranar da muke hawa, maimakon in saurari injin sai na sunkuyar da kai. Baba ya daddage, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana cewa, "Ka gani ko? Na taka har ƙasa." Ƙafarsa ko rabin totur ba ta kai ba, kuma rawa take, tana takawa tana saki. Ciwon suga ya daɗe da cinye masa jin tafin ƙafa, mun sani, muna ganin takalmi na zame masa bai ji ba. Na ɗago kai na mayar da idona kan titi.

Washegari na koma Bolori ni kaɗai, raina a ɓace. Na ce wa makaniken, "Wato tun farko ka san lafiyar motar nan ƙalau?"

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Wushe, sannu Malam. Filogin dai sun tsufa, ban yi ƙarya ba. Amma mutum sa'an ubana, a gaban jama'a, in ce masa ƙafarsa ce? Kai da ya haifa ka faɗa masa mana."

Na dawo ina ta tsara magana a hanya, ina zagin ragwancin makanikan garin nan kaf. Na tarar da Baba ya buɗe bonet yana kallon injin, hannunsa a baya. Ya juyo ya ce, "Me ya ce maka?"

Na dube shi, na dubi ƙasa. Na ce, "Wai birenbos ne, Baba. Kwamfutar motar. Sai an aika Kano an kawo wata."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya rufe bonet, ya laluba aljihu ya miƙo min makulli.

"To kafin ta iso, kai ka riƙa ja. Zan zauna a wancan gefen, an fi jin injin daga can."

Da safe na kai shi hanyar Baga kafin in wuce makaranta. Muka haye gada da buhuna a baya, ko tari motar ba ta yi ba. Ina jiran ya ce wani abu. Ya kwantar da kai a jikin ƙofa yana kallon rufin gidaje, can ya ce in rage gudu, albasa ba ta son jijjiga.