Farantin da Muka Baro a Shagari

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar tashar Bodinga, ni da ɗana, shi yana rataye da jakar da babu komai a ciki sai tsohon tawul na naɗe kaya. Masu bibiyata sun san ba na rubuta labarin tafiya sai da dalili. Ga dalilin, kuma daki-daki zan bi shi.

Ɗan nan nawa ya gama karatu, aiki bai samu ba. Sai ya kama ɗan shago kusa da tasha ya ajiye kwamfutar wasanni, samari suna zuwa su buga ƙwallo da tseren mota su biya. Da farko abin ya yi kyau. Daga baya sababbin wasanni suka fi ƙarfin na'urar. Mutum zai ɗaga ƙafa ya buga ƙwallo, hoto ya daskare, kafin ya saki an riga an zura masa. Samari suka watse. Rannan ya durƙusa gabana ya ce in shagon bai farfaɗo ba, zai bi abokansa Legas ya yi kabu-kabu. Na san yadda 'ya'yan garinmu ke dawowa daga can, waɗanda suka dawo ke nan. Sai na fasa rudun albasata, wato rumbun da nake ajiye ta, tun farashi bai tashi ba, na sayar don a gyara na'urar.

Ɗana ya yi mini bayanin abin da ake bukata, na kuma riƙe. Na ɗaya, katin girafik, shi ke zana hoton. Na biyu, furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar da ke ba katin aiki. Na uku, madabod, wato farantin da su biyun ke zama a kai. Ya ce kati da furosesa kamar shanun huɗa ne, in ka haɗa bijimi da maraƙi a karkiya ɗaya, huɗar karkacewa za ta yi. Wannan na gane shi sarai. Maganar faranti kuwa na ajiye ta gefe, tunda muna da namu a shago. Ana cikin haka muka ji labarin wani Alhaji a Shagari, tsohon abokina tun zamanin Jamhuriya ta Biyu, wanda ɗansa ya tafi kudu ya bar masa babbar kwamfuta ya ce a sayar, ko gaba ɗaya ko gunduwa-gunduwa.

Shagari ba nisa gare ta ba, amma jiran bas ta cika ya fi tafiyar tsawo. Muka karya da kunu da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan yanzu sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa abu. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na watan jiya, direba ya ce fetur ne. Kowa fetur ne. Har mai sayar da rake, wanda a kansa ya ɗauko kayansa, shi ma fetur ne. Aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, aka ɗora buhunan albasa a baya har ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya.

Da muka wuce wajen Sifawa na leƙa ta taga. Gonakin gero an girbe sai kara a tsaye, fadamu kuwa kore shar da dashen albasa, amma yawancin masu ban-ruwan sa'o'ina ne, masu furfura. Wannan hanya mun sha bin ta muna samari a bayan manyan motoci, muna ihun siyasa, muna ganin gobe tamu ce. Ba a jima ba muka koma layin sabulu da madara. A lokacin mun ɗauka ƙarshen wahala ke nan. Ashe somin-taɓi ne.

Kafin mu sauka na ja kunnen ɗana. Na ce gidan dattijo za mu, ba kasuwar 'yan waya ba. Ni zan yi magana, shi ya zauna ya sunkuyar da kai. In manya suna ciniki, yaro ba ya sa baki. Ya ce, "To, Baba."

Daga tashar Shagari muka hau keke mai ƙafa uku zuwa gidan. Alhajin ya tarbe mu a zaure, ya tsufa fiye da yadda na zata. Gaisuwa ta yi tsawo yadda ya kamata: gida, iyali, gajiya, mutanen Bodinga, sannan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, su ma da yawa. Aka kawo fura da nono mai sanyi a ƙwarya. Gaskiya furar Shagari ba ta canza ba, ita kaɗai ce na samu yadda na bar ta. Sai bayan mun sha aka fito da kwamfutar, an lulluɓe ta da zanen gado.

Ɗana ya kwance murfin. Na ga idonsa ya yi haske da ya ga katin, wani abu mai kauri da fanka biyu. Ya matso ya raɗa mini ko a samo ɗan fetur a tayar da janareto a gwada, tunda babu wuta. Alhajin ya jiyo.

"Gwaji? Gidana?" Ya yi dariya ya dube ni. "Ɗiyan yanzu ke nan. Mu da munka ci tuwo akushi guda da ubanka, yau kai za ka gwada ni?"

Na harari yaron, ya koma gefe. Muka shiga ciniki irin namu na da. Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya ce in ji tsoron Allah. A ƙarshe muka daidaita a kan kati da furosesa. Sai ya nuna farantin da suke kai ya ce, "Wanga fa? Ka haɗa dud da shi mana, in huta." Na ce muna da faranti a gida, mai albasa ba ya sayen abin da yake da shi. Ɗana ya yi tari. Na yi kamar ban ji ba. Ya sake yin tari, Alhajin ya ce a ba yaro ruwa. Batun faranti kuwa ya ce ba komai, dama wani zai zo daga Sakkwato da yamma ya kwashe saura. Muka tafa hannu, ya ce ya sallama, muka shafa fatiha. Ɗana ya cire abubuwan biyu ya naɗe a tawul.

Muna fita ƙofar gida ya ce, "Baba, don Allah a koma a ɗauki farantin nan. Furosesar ga ba ta zama a namu." Na ce masa an yi sallama an shafa fatiha, ba zan koma in durƙusa gaban abokina in ce na yi kure a bakin yaro ba. Komai da tsarinsa. A je gida a gwada tukuna, in bai yi ba sai a yi magana. A tasha na saya masa tsire, ya riƙe shi a takarda har Bodinga.

Mun iso bayan la'asar, kai tsaye muka wuce shago. Ya buɗe tsohuwar na'urar ya ce in matso in gani da idona. Gurbin furosesa a farantinmu daban, wadda muka sayo daban. Ya ɗora ta, ba ta zauna ba. Na ce ya juya ta. Ya juya. Na ce ya ɗan danna. Ya ce in ya danna an yi asarar duka biyun. Sai ya mayar da tsohuwar furosesa ya sa sabon kati ya kunna. Hoto ya fito tangaran, har ciyawar filin ƙwallo ana gani. Samari biyu da suka leƙo suka ce kai, yau akwai wasa. Aka take ƙwallo. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa, hoto ya daskare. Bijimi da maraƙi. Samarin suka kalli juna suka fita.

Na kira Alhajin a waya. Bayan gaisuwa mai tsawo na kewaya na tambayi farantin. Ya ce mutumin Sakkwato ya zo ya kwashe tun muna hanya. Sabon faranti kuwa, da ɗana ya tambaya a birni, sai an haɗa da wasu ƙananan kaya da ke tafiya da shi, kuma albasa ta riga ta ƙare. Mayar da kaya bayan sallama ba ya cikin abin da zan iya buɗe baki in faɗa.

Na tambayi ɗana don me bai yi magana a zauren ba, tunda ya gani.

"Kai kac ce in yi shiru, Baba. Ni ko na yi."

Ba da tsiwa ya faɗa ba. Da ma da tsiwa ne, da na sami abin faɗa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini guda uku ne. Na farko, duk wanda zai sayi katin girafik ya fara sanin furosesar da za ta ja shi, kafin ya sayi furosesa kuma ya san farantin da za ta zauna a kai. Ba a sayen su ɗaya bayan ɗaya kamar buhun taki. Na biyu, babu wanda ya cuce mu a Shagari. Tsofaffi biyu ne suka yi ciniki cikin mutunci a kan abin da babu wanda ya san shi a cikinsu, wanda ya sani kuma yana zaune a gefe yana tari. Na uku, ƙasar da ta sa dattijo sayar da kayan ɗansa da ya tafi ga wani dattijon da ke son tsare nasa, ban san sunan da zan kira ta da shi ba.

Shekaranjiya bayan asuba na sake raka ɗana tashar nan, wannan karon motar kudu ya hau. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda na koya masa, ya miƙo mini makullin shago. Yana nan a aljihuna. Kwamfutar tana ciki da sabon katinta, ni kuwa ko inda ake kunna ta ban sani ba.