Wayar da Ba Ta Kai Jiratawa Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Sabon Gari, ni da abokin aikina bisa babur guda. Aikinmu jan wayar intanet zuwa gidaje da ofisoshi a Maraɗi. Shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, shi ne ya aike mu Tsibiri da Jiratawa mu rubuto rahoto, amma tun kafin mu tashi ya gaya mana abin da yake so ya karanta: wai mutanen can forfe, wato ɗan intanet ɗin da suke saye a salula, ya ishe su, kai musu waya asara ce.

Hanyar Tsibiri cike take da 'yan kabu-kabu masu kai ma'aikata birni, ga gero ya yi kai dama da hagu. Muka karya da kunu da ƙosai a bakin tasha. Mai ƙosan har da sake ƙirga ƙosan da ta zuba mana, don ta ga kamar mu 'yan birni ne masu wayo. Can muka tarar da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ɗaga salula sama kamar mai roƙon ruwa. Takardun jarrabawar ɗalibansa yake son turawa, ranar ce ta ƙarshe, kuma forfe biyu sun ƙone bai gama ba. Abokina ya jona masa tasa salular, suka yi ta fama har takardun suka wuce.

Da hantsi muka ratsa Maraɗi muka nufi kudu. Jiratawa kore shar, fadamu sai zogale da tumatir. Wata hajiya, shugabar mata masu busar da zogale, ta sa aka kawo mana dambu. Da salula take ciniki har da 'yan Katsina, amma in rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke, odar kan tafi wurin wani. Da na faɗa mata abin da ya kawo mu, ta ajiye ludayi.

"Ɗana, kun kai waya gidajen alhazai, mu kun ce ba mu buƙata. Wa ya tambaye mu? Mu da ke sayen megan intanet kullum kamar gishiri! Ku kawo, ko wani ya riga ku."

Na rubuta maganarta yadda ta faɗe ta.

Bayan la'asar muka iso gida, ƙugu ya sage. Tafiyar ta nuna min salula ba ta kashe kasuwar waya ba, mu ne ba mu je kasuwar ba. Washegari na miƙa rahoton. Shef ya karanta, ya ce in gyara shi in har ina son aikina. Na ce masa, "Ranka shi daɗe, ga makullin babur. Je ka gaya wa Hajiya da bakinka, ni ba zan goge ko harafi ɗaya ba."