Mai Lallashin Kwamfuta

Wani malamin makaranta yana tsaye a shagon gyara, don tambayoyin jarrabawar gobe suna cikin kwamfutarsa. Tunda ya sabunta manhajarta, saƙon kuskure ɗaya ke ta maimaita kansa a baƙin allo.

Mai gyaran dattijuwa ce, tabarau a karan hanci, ɗankwali a karkace. Tana bin layukan da yatsa tana murmushi.

"Inna, ta mutu ne?"

"Wace mutuwa, ɗana? Ƙorafi take yi, sabuwar manhajar ba ta gane katin intanet ɗinta ba."

Ta rubuta layi biyu, ta sake kunnawa. Saƙon ya ɓace.

"Yauwa, 'yar albarka," ta ce tana shafa murfin.

Malamin ya yi dariya. Lallai wannan ta raini 'ya'ya masu rigima.