Gwaggo da 'Ya'yanta Masu Majina

Gwaggon gidanmu ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta fi kowa zuriya. Da mijinta ya sallamo ta, sai ta dawo wurin ƙaninta, wato Kawu mai faci, wanda ta goya tun yana tsumman goyo. Ya ba ta ɗakin ajiya da lungun bayan kicin. Can ta jera tsofaffin tayoyinsa, ta zuba ƙasa mai laima, ta rufe su da raga, ta shiga kiwon dodon koɗi.

Ɓawon ƙwai take daka musu don bayansu ya yi ƙwari. Kullum da asuba tana yayyafa musu ruwa tana yi musu kirari.

"Yaya, wanne ne angon?" in ji matar Kawu, tana toshe hanci.

"Kowanne ango ne, kowanne amarya. In sun haɗu, duk biyun ke yin ƙwai."

"Kin ji inda ba a sakin kowa!" in ji matar Kawu.

Aka kwashe da dariya. Gwaggo ma ta ɗan taya, tunda a gidan take cin abinci.

Da damina dodannin koɗin suka binne ƙwayaye, farare, kamar ƙwan ƙadangare. A lokacin ne Kawu ya sayo janareto, ya ce ba inda ya dace da shi sai lungun.

"Ɗan'uwa, bari su ƙyanƙyashe," in ji Gwaggo. "Ba a taɓa ƙasar yanzu."

"Haba Yaya, ni zan hana ki ganin jikoki?"

Ya kuwa jira, Allah ya sani. Suka fito ƙanana kamar ƙwayar gero, ana hango cikinsu ta ɓawo. Gwaggo ta bi ɗaki ɗaki tana kiran mutane su zo barka. Ranar da ta tafi asibiti awon ido, ranar Kawu ya kawo agwagwa uku ya ɗage ragar tayoyin. Kafin ta dawo, an share lungu, janareto na ruri.

Agwagin suka yi ɓul-ɓul. Da aka yanka ta farko, matar Kawu da kanta ta kai mata cinya.

"Ci, Yaya. Jikokinki na ciki."

Gwaggo ta zuba wa kwanon ido. Can ta tura shi gefe, ta ce, "In kun soya ƙwai gobe, kar ku ajiye min ɓawon."