Wayar da Na Binne Cikin Shinkafa

Shekarar da ruwa ya cinye mana gona a Kaoje, wayata ta faɗa fadama. Ta kwana biyu cikin buhun shinkafa ba ta tashi ba, sai na kai wa wani mai gyara a bakin boda. Ya nemi lambar buɗewa, ni kuma don tsabar wauta na ba shi.

Ta dawo tana aiki, amma tana ɗumi a aljihu ko ban taɓa ta ba. Wata Juma'a yayata, malamar makaranta a Bagudo, ta hango wani koren ɗigo a saman gilashin. Ta ɗora yatsa a baki, ta bincika, ta nuna mini wata manhaja marar suna da aka ba izinin sauraro.

Nan take na tuna wani abu. A gaban wayar nan na faɗi ranar da ƙanenmu zai koro shanu ta hanyar Geza, shi kaɗai.

Na cusa ta ƙasan buhun, na ɗaure bakinsa tamau. Duk da haka da raɗa na ce, "Yaya, kira ƙanenmu da wayarki yanzu."