Sannu-Sannu, Abokin Gangare

Da la'asar ɗin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kuma babban kafinta a wurin aikinmu, wanda kowa ya sani da Sannu-Sannu. Ya rasu a hanyarsa ta komawa gida, yana kan kekensa, a kwanar da ke jikin katangar makarantar firamare. Mai abu Ya karɓi abinSa, mu ma muna nan tafe.

Yaya Sannu-Sannu, unguwarmu tana can ƙololuwar tudu, shagon katakon da muke aiki kuma yana gindin gari. Da safe gangara, da yamma hawa. Kai ka ba ni shawarar sayen keke lokacin da motocin haya suka daina hawowa wajenmu. Ranar da na fara tsayawa a bakin gangaren nan, na leƙa na hango rufin gidaje ƙarƙashin ƙafafuna, sai na diro daga keken na ja da baya. Ba ka yi mini dariya ba. Ka sauka daga naka keken, muka tura da ƙafa har ƙasa. Muka makara, mai shago ya yi ta faɗa, ka shanye faɗan kai kaɗai ba ka ko dubi inda nake ba.

Daga nan ka koya mini hanyar. Birkin baya kafin na gaba, a matsa a saki, kada a riƙe shi har roba ta yi zafi. Kana gaba ina bin bayan rigarka. Samari su wuce mu fuu kamar an harbo su, suna ihu, "Sannu-Sannu, sai ka iso gobe!" Kai kuma ka ɗaga musu hannu ka ce, "Ku gaishe mini da mai ɗori."

Ba zan manta safiyar da wayar birkina ta tsinke ba. An kwana ana ruwa, titi yana santsi. Na matsa na ji hannuna ya tafi a banza. Keken ya ƙwace, na wuce ka, iska ta cika mini baki har na kasa salati. Can ƙasa mahaɗa ce, motoci suna gilmawa. Kai da ba a taɓa ganin ka yi gudu ba, sai ga ka a gefena, ka saki naka birkin ka kamo ni. Ka damƙi kariyar kekena da hannu ɗaya, ka ja mu duka muka zube cikin tarin yashin wasu magina. Fatar hannunka ta saluɓe tun daga gwiwa har wuyan hannu. Ka tashi kana tofar da yashi ka ce, "Dogo, ashe haka kake da nauyi? Me ake ba ka a gida?" Ni kuwa ina zaune ina kuka kamar ba magidanci ba.

Gangara muka yi ta tsoro duk shekarun nan, Yaya. Ban taɓa zaton a hawa za mu rabu ba.

Ran nan tankar ruwa ce a gabanmu, tana hawa tana nishi, hayaƙinta yana shiga mana ido. Numfashina ya ƙare, na sauka ina turawa, kai kana ɗan gabana kana danna feda a tsaye. Sai ƙarar injin ta ɗauke. Shirun nan har yau yana kunnena. Motar ta tsaya cak, sannan ta fara dawowa da baya, ruwa yana tambal-tambal a cikinta. Ka waiwayo ka daka mini tsawa, "Dogo, lambatu!" Na yar da keken na faɗa ciki. A naka ɓangaren babu lambatu, katanga ce kawai.

Da na fito, direban yana zaune a tsakiyar titi ya ɗora hannu a ka. Ni na rufe ka da rigata.

Tun ranar ban sake zama daidai a kan sirdi ba. In babbar mota ta canza giya a kusa da ni, sai in ja gefe in tsaya har ta wuce. In na zo kwanar nan sauka nake yi in tsallaka ɗaya gefen, kaina a sunkuye. Matata ta koma tsayuwa a ƙofar gida da yamma, ba ta shiga sai ta hango ni. A zaman makoki 'yarka ta fari ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta ce, "Kawu, kai ma ta nan za ka ci gaba da bi?" Hanyar ke nan guda ɗaya, kuma a ƙasa abincinmu yake.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa tsawar da ka daka mini ta zama hujja a gare ka ranar da kowa yake ta kansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da mahaifiyarka tsohuwa wadda har yanzu take tambaya ko an shigo da kekenka kada raɓa ta taɓa shi. Allah Ya ba ku dangana, Ya tsaya muku. Shi ma direban Allah Ya sanyaya masa zuciya. Mu kuma da za mu sake fita gobe da safe, ya Allah, Ka mai da mu ga iyalanmu da ƙafafunmu.