Leɓen Hadiza da wayar Dokta Bashir

Ina wanke kayan aiki a asibitinmu na haƙori da ke unguwar Gurda, a kudancin Libiya, direban Dokta Bashir ya shigo ba sallama. Ya ce motarsu ta kife a hanyar garin Ghuddwa, sun je duba dabino, likita bai kai asibiti ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Daga Maraɗi na zo, a shekarun da Libiya ta buɗe wa baƙar fata ƙofa. Dokta ya ɗauke ni tafinta, ya ƙare da koya mini gyaran haƙora da waya. Balibiye ne, amma kakarsa Bahausa ce, Hausarsa kuwa ta isa ya zolaye ni da ita.

Kafin ya ce a buɗe baki sai ya zaunar da mutum, ya koma gefe ya daɗe yana kallon fuskarsa. Yakan ce, "Sani, haƙoran gaba su ne ginshiƙin leɓen sama. Ka ja su baya da yawa, leɓe ya faɗa ciki, ka tsufar da yarinya da hannunka." In na kawo masa ma'aunin littafi sai ya yi dariya ya ce, "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin gwaggonka ba." Bai taɓa rufe wa Bahaushiya wushirya ba, don ya san a wurinmu ado ce.

Mutuwarsa ta bar mini Hadiza, matar wani magini daga garin Tawa. Lokacin da ta fara zuwa, haƙoranta sun turo leɓenta har bakin ba ya rufuwa, kullum gyale na kan bakinta. Dokta ya kusa gama ja mata su baya, shi kaɗai kuma ya san inda zai tsaya.

Bayan sadakar bakwai suka zo. Mijin ya ce, "Malam Sani, ka ɗaure waya da ƙarfi mu gama. Motar da za ta kai mu Tarabulus ba ta jira."

Na ɗauki filayar ɗaure waya, na ajiye, na sake ɗauka. Tsoro nake ji, ban ɓoye ba. Sai na zagaya gefenta na ce, "Hadiza, saki bakinki, kada ki matse." Leɓen ya sauko ya haɗu da na ƙasa da kansa, da cikarsa, ba ya rawa.

Na ce, "An gama. Ba zan ƙara ko kaɗan ba."

Ta ce, "Haka likita ya ce?"

Na ce, "Ni na ce." Har yau ban sani ba ko a nan zai tsaya, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah Ya jiƙan Dokta Bashir, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba iyalinsa da ke unguwar Sukra haƙuri, Ya raya 'ya'yansa. Mu kuma da ya bar wa bakunan mutane da wayarsa a ciki, Allah Ya tsare su daga kuskuren hannunmu. Amin.